Tarihin Rarrabe Makero da Ciwon Garkuwar Jiki a Fatar Kare

Tun zamanin da, masu karnuka sun san makero: gashi ya zube, ya bar da'ira mai ɓawo. Amma ba a san sanadinsa ba sai a ƙarni na 19. A shekara ta 1843 wani likita a birnin Faris, David Gruby, ya duba gashin mai makero da madubin likita, ya tarar wata irin funfuna ta lulluɓe shi, ya raɗa mata suna Microsporum. A 1902 aka bayyana irin da aka laƙaba wa kare, wato Microsporum canis, ko da yake kyanwa ce ta fi ɗauke da ita. Kare dai ya sha suna ne kawai.

Daga nan sai hanyoyin bincike suka biyo baya. Raymond Sabouraud ya haɗa abincin da ake shuka funfunar a kansa har ta tsiro. A 1925 likitocin Faransa suka lura cewa gashin da ya kamu yakan yi ƙyalli kore a ƙarƙashin fitilar Wood. A 1958, a Gilasgo, aka nuna cewa maganin griseofulvin na sha yana kashe ta.

To, sai aka ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. A 1975 aka fara ba da bayanin ciwon pemphigus a jikin kare, a 1977 kuma aka bayyana nau'insa da ya fi yawa. A wannan ciwo garkuwar jikin dabbar ce da kanta take warware abin da ya liƙe ƙwayoyin fata da juna, sai ƙuraje da ɓawo su fito a hanci da kunne da tafin ƙafa. A ido, sau da yawa, ba shi da maraba da makero.

Abin da ya sa rarrabewar ta zama tilas shi ne magungunan sun saɓa. Pemphigus sai an danne garkuwar jiki da kotizon. Idan kuwa makero ne, kotizon ɗin zai ba funfuna filin yaɗuwa, har ta kai ga yaran gidan. Wani abin takaici kuma, funfunar Trichophyton ba ta ƙyalli a fitila, tana kuma warware ƙwayoyin fata kamar yadda pemphigus ke yi. Don haka likitocin dabbobi suka koma ga yankar ɗan guntun fata a rina a duba, a kuma shuka gashi a jira mako biyu ko uku, kafin a yanke wa kare hukuncin kotizon.