Yadda ake zaɓen garmaho da zai dace da lasifikokin gida

A gidaje da yawa daga Maraɗi zuwa Garwa, akwai fayafayen Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos da iyaye suka bari a akwati. Wanda yake son sake jin su a lasifikokin ɗakinsa yana buƙatar garmaho, na'urar da 'yan kasuwa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suke kira tourne-disque ko platine vinyle. Zaɓen na buƙatar natsuwa, domin allura marar kyau tana cinye faifai, kuma faifan da ya lalace da wuya a samu madadinsa.

Fara duba abin da ke gida

Lasifika iri biyu ce. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa wuta kai tsaye, akwai kuma wadda sai an haɗa ta da amfilifaya daban. Garmaho ba ya iya tayar da iri na biyun shi kaɗai.

Abin da ya fi ruɗa masu saye shi ne raunin sautin da allura ke fitarwa, wanda bai wuce milibolt kaɗan ba. Ban da haka, lokacin yanka faifai ana rage sauti mai kauri a ƙara siririn, bisa ƙa'idar RIAA ta 1954. Don haka dole sautin ya bi ta wata ƙaramar amfilifaya ta musamman da za ta ɗaga shi, ta mayar da shi yadda aka rera shi.

Duba bayan amfilifayarka. Idan akwai ramuka biyu da aka rubuta PHONO a kansu, ƙaramar tana ciki, kusan kowane garmaho zai shiga. Idan AUX ko LINE kawai ka gani, nemi garmaho mai ɗauke da tasa, kamar Audio-Technica AT-LP60X ko Sony PS-LX310BT, ko ka sayi ƙaramar daban. A bayan irin waɗannan akwai maɓallin PHONO da LINE. Idan aka saka PHONO cikin AUX, sauti zai fito ƙasa ƙasa, siriri. Idan aka saka LINE cikin PHONO kuwa, zai yi ƙara yana farfashewa.

Tsofaffin garmaho suna da wata siririyar waya ta uku. A ɗaure ta a kusoshin da aka rubuta GND a amfilifaya, in ba haka ba lasifika za ta riƙa ƙugi.

Gudun faifai

Babban faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyi 33 da sulusi a minti. Ƙarami, na RCA Victor a 1949, yana juyi 45, kuma a irinsa ne Soul Makossa ta Manu Dibango ta fito a 1972. Kusan kowane garmaho yana da waɗannan biyun. Tsofaffin fayafayen nan masu nauyi da saurin fashewa kuwa juyi 78 suke yi, suna kuma buƙatar allura mai faɗin baki. Mai irinsu ya nemi garmaho mai gudu uku, kamar AT-LP120X, tare da allurarsu.

Bel ko kai tsaye

Wani garmahon, bel ɗin roba ne ke juya farantinsa. Ya fi araha, amma zafi yana sa robar ta saki, gudun ya ragu, sai an sauya. Wani kuma injin ne ke juya farantin kai tsaye, kamar Technics SL-1200 da aka fara ƙerawa a 1972. Ya fi tsada, amma babu bel da za a yi ta nema a kasuwa.

Hattara da na gwanjo

Wutar Nijar, Kamaru, Chadi da Gana bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, mai bugu 60. Garmahon Amurka zai iya ƙonewa idan aka jona shi ba tiransifoma. Ko da tiransifoma ɗin, idan injinsa na bin bugun wuta ne, juyi 33 zai sauko wajen 28, muryar mawaƙi ta yi kauri tana ja. Karanta rubutun da ke bayan na'urar: wadda ke ɗauke da 100 zuwa 240V da 50/60Hz ba ta da wannan matsala. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ana amfani da janareto, a haɗa da na'urar daidaita wuta.

Allura da nauyin hannu

Garmaho mai kyau yana danna faifai da nauyin giram 2 ko kusa da haka. Masu arahar nan da ke zuwa cikin ƙaramin akwati da lasifika a jiki sukan ninka haka, su kankare layin faifai a hankali. Zaɓi wanda ake iya sauya masa allura, ka tabbata ana samunta kafin ka biya. Allura takan ƙare bayan awa 500 zuwa 1,000, kuma ta garmahon gwanjo gara a sauya ta tun ranar farko.

Wurin ajiya

Kada a ɗora garmaho kan lasifika ko kan tebur ɗaya da ita, domin girgizar tana komawa cikin allura. A rufe murfinsa saboda ƙurar hunturu, a share faifai da burushi mai laushi kafin a sa. Fayafayen kuma a jera su a tsaye cikin inuwa, don rana tana lanƙwasa su.

Idan ka je saye, tafi da faifan da ba ka jin asararsa, a gwada a gabanka, ka saurari lasifikar dama da ta hagu.