Tarihin Sharuɗɗan Shigar da Zomo Gasa

Matasanmu da dama a Keffi sun rungumi kiwon zomo, har wasu na tambayarmu yadda ake shigar da shi gasa. Abin ya samo asali ne daga ƙasashen waje.

A Amurka, masu kiwon ƙananan dabbobi sun kafa ƙungiya a 1910, wadda yau ake kira ARBA. A Ingila kuwa, a 1934 aka kafa majalisar masu kiwon zomo. Su ke tsara sharuɗɗan gasa a ƙasashensu har yanzu.

Sharaɗin farko shi ne shaida, don gudun musanya. A Amurka ana yi wa zomo lamba da tawada a kunnen hagu, a Ingila ana sa masa zobe a ƙafar baya tun yana ƙarami. Sannan alƙali ya duba iri, nauyi da lafiya. Zomo mai majina ko karkatattun haƙora fitar da shi ake yi.

Mu da ake baje kolin noma na ƙasa kusa da mu, a Tudun Wada kan hanyar Abuja, ya kamata mu fara rubuta asalin kowane zomo da ranar haihuwarsa. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.