Daga Garke zuwa Asibiti: Yadda Aka Fara Daskarar da Maniyyi

Duk wanda ya je Birnin Kudu, ya hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, ya leƙa ƙarƙashin manyan duwatsun nan da suka yi rumfa, zai tarar da zanen shanu da mutanen dā suka bari, wanda masu binciken kayan tarihi irin su Bernard Fagg suka bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Kuma idan ya taɓa kiwo, ba zai jima ba zai lura da cewa da yawa daga shanun nan ba su da tozo, alhali kuwa Bunaji da Rahaji da ake korowa kara a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram kowace da tozonta. Irin waɗancan shanu ya ƙare a wannan yanki, kuma a zamaninsu, idan bijimi ya mutu, zuriyar da bai riga ya bari ba ta bi shi ke nan. Haka al'amarin yake ga dabba da ɗan Adam har cikin ƙarnin da ya wuce, sa'ad da Allah Ya hore wa masana hanyar daskarar da maniyyi, a ajiye shi shekara da shekaru, a narkar da shi, ya kuma yi aikinsa. Wannan ilmi a hannun masu kiwo ya girma kafin ya shiga asibiti, kuma ya fi kusa da mu fiye da yadda yawancinmu suke zato.

Wani malamin addinin Kirista ne ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, wanda ya duƙufa ga nazarin halittu, ya fara lura a 1776 cewa ƙwayoyin maniyyi suna daina motsi idan aka sanyaya su da ƙanƙara, su kuma farfaɗo idan aka ɗumama su. Bayan shekara 90, a 1866, wani likitan ƙasar mai suna Paolo Mantegazza ya kawo shawarar cewa sojan da zai tafi yaƙi ya bar maniyyinsa a daskare a gida. Shawarar ta tsaya a takarda, saboda ƙanƙara tana hallaka abin da ake so ta kiyaye: ruwan da ke cikin ƙwaya idan ya daskare sai ya zama tsinkayen ƙanƙara masu huda fatarta, gishirin da ya rage a ɗan ruwan da bai daskare ba kuwa ya yi ƙarfi har ya ƙone ta, ta yadda in an narkar, waɗanda suka tsira ba su taka kara sun karya ba.

A wannan tsakani masu kiwo ba su zauna ba. Tun daga 1899 Ilya Ivanov na ƙasar Rasha ya shiga yi wa goɗiyoyi barbara da hannu, watau a karɓi maniyyin ingarma a zuba wa mace ba tare da sun haɗu ba, kafin dabarar ta kai ga tumaki da shanu. A 1936 manoman Danmak suka kafa ƙungiyar haɗin kai domin wannan aiki, a 1940 kuma aka gano a Amurka cewa gwaiduwar ƙwai tana kare maniyyin bijimi daga illar sanyi. Amma duk da haka kwanaki kaɗan yake yi ya lalace, don haka bijimin da ya fi kowane kyau amfaninsa bai wuce shanun da ke kusa da shi ba.

Buɗin ya zo a 1949, a wata cibiyar binciken likitanci da ke Mill Hill a birnin Landan, inda wani saurayi, Christopher Polge, yake aiki tare da Audrey Smith da Alan Parkes a kan maniyyin zakara. Sun daɗe suna gwada ruwan sukari ba nasara, sai wata rana abin da suka ɗebo daga wata kwalba ya sa ƙwayoyin suka tashi da rai bayan narkewa; da aka bincika, sai aka tarar an sami musayar takardar suna a jikin kwalaben, abin da ke ciki gaurayen farin ƙwai ne da gilisarol. Gilisarol ɗin nan yana ratsa ƙwaya, ya hana ruwanta zama tsinkayen ƙanƙara, ya kuma sassauta ƙarfin gishiri. Ana yawan ba da labarin a matsayin sa'a, ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi murna sun wuce ba, sai da suka bi diddigi suka san dalili, wanda shi ne bambancin malami da mai dace. Cikin farkon shekarun 1950 aka haifi 'yan maruƙa da daskararren maniyyi a Ingila.

Daga nan zuwa ɗan Adam tafiyar ba ta yi nisa ba. A 1953, a Jami'ar Iowa ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Jerome Sherman da likita Raymond Bunge suka daskarar da maniyyin mutum da gilisarol a kan busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin wajen digiri 78 ƙasa da sifiri, suka ba da rahoton mata uku da suka sami juna biyu da shi, aka haifi jariran lafiya. Bayan shekara goma Sherman ya nuna fifikon ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda duk wani aikin da ke gudana a cikin ƙwaya yake tsayawa cik. A 1964 kuma Robert Cassou na Faransa ya fito da siraran tsinkayen roba da ake ɗura maniyyi a ciki, waɗanda har yau su ake jerawa a tulun naitirojin. An sami yaran da aka haifa da maniyyin da ya haura shekara 20 a ajiye. Haihuwar jaririyar kwalba ta farko a Ingila a 1978, da dabarar da aka fito da ita a Baljiyam a 1992 ta cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace, su suka sa ko ɗan abin da aka ajiye, komai ƙanƙantarsa, yana iya wadatarwa.

A ƙasarmu ma ta ƙofar garke ilmin ya shigo. Gonar kiwo da aka kafa a Shika kusa da Zariya a 1928, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a 1976, ta daɗe tana haɗa Bunaji da shanun madara na Turai, tana da sashen da ke karɓar maniyyin bijimai yana daskararwa. Birnin Kudu kanta tana cikin wannan tarihi, domin an yi gonar gwamnati ta inganta irin shanu a can, har a 1968 aka buga nazari a Samaru kan Bunajin Birnin Kudu da na Kabomo. Ta fuskar mutane kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie, su suka fara aikin jaririn kwalba a shekarun 1980, sannan a 1998 aka sami haihuwa ta wannan hanya a hannun Dakta Ibrahim Wada a yankin Abuja.

Musulmi ba zai ji wannan ba sai ya tambayi hukunci, kuma fuƙaha'u ba su yi jinkirin amsawa ba. Malamanmu na Malikiyya tun dā sun yi magana kan hayar bijimi domin barbara, suka halatta ta idan an ƙayyade lokaci ko adadi, suka hana idan an shardanta ɗaukar ciki, saboda garari. Batun mutum ya fi nauyi, domin kiyaye nasaba yana cikin manyan maƙasudan Shari'a guda biyar. A 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi Ali Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1984 da 1985, ta ƙasashen Musulmi kuma a Amman a 1986. Matsayar da suka haɗu a kai ita ce, idan larura ta sa, ya halatta a haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa, amma na wani namiji dabam haramun ne. A kan wannan asali jumhurun malaman Sunna suka gina hukuncin ajiya: mutum yana iya daskarar da nasa, a yi amfani da shi ga matarsa muddin igiyar aure tana nan, idan kuwa mutuwa ko saki ya raba su, an rufe wannan babi. Ke nan shawarar Mantegazza ta sojan da zai haihu bayan ya faɗi a fagen fama ba ta da gurbi a wurinmu, rumbunan da ake sayar da maniyyin baƙo a Turai da Amurka ma haka.

Wanda ya fi kowa bukatar abin shi ne saurayi ko magidancin da ciwon daji ya kama, domin magungunan da ake ɗura masa ta jijiya, da gashin da ake yi masa da na'ura, suna iya kashe mafarin ƙwayoyin haihuwa, wani lokaci na 'yan shekaru, wani lokaci har abada. Haka kuma mai amosanin jini da za a yi wa dashen ɓargo, ga shi kuwa cutar ta yi yawa a cikinmu. Manomi ba ya fara cin hatsi sai ya ware iri, ajiyar nan ma kafin a fara magani ake yin ta, kuma kwanaki kaɗan take ɗauka. Mara lafiyar da ya taso daga Gwaram ya zo Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, aka tura shi Kano ko Zariya, hankalinsa da na iyayensa yana kan rai da kuɗin magani, kunya kuma ba za ta bar shi ya tambayi likita batun haihuwa ba; saboda haka a ganina wajibin likita ne ya fara ɗaga maganar, ko da wurin ajiyar yana da nisa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne sanin wanda zai ɗauki laifin idan ba a yi ba: mutumin zai warke, ya yi aure, shekaru su wuce shiru, a kira matar juya, a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali likitoci sun tabbatar da cewa a kusan rabin auren da ba haihuwa akwai matsala ta wajen miji.

Tulun naitirojin ba ya bukatar wutar lantarki, wanda wannan sauƙi ne babba a ƙasarmu, sai dai ruwan yana tsiyayewa ya zama iska a hankali, dole a riƙa ƙara shi a kan kari, in ya ƙafe kuwa abin da ke ciki ya lalace ba gyara. Ana gwada jinin mai ajiya saboda ƙanjamau da ciwon hanta, yana biyan kuɗin ajiya lokaci-lokaci, yana kuma sa hannu a takardar da ta bayyana abin da za a yi da ajiyar idan ya rasu. A kan kowane tsinke ana rubuta sunansa da lambarsa da ranar ajiya, ma'aikaci na biyu ya shaida, domin kuskure a wannan rubutu yana taɓa nasaba da gado da muharramaka gaba ɗaya.