Ta wace ƙofa suka shigo? Masu binciken kufai a Nijar

Manomin da ke huɗa a Dallol Mauri, tsakanin Tibiri da Dogon Dutsi, ba baƙo ba ne ga tsingaro. Hauya takan tono shi a tsohon kufai, wani lokaci tare da ɓallin dutsen niƙa, sai a tura shi gefen gona a ci gaba da aiki. Amma akwai mutanen da karanta irin wannan tsingaro shi ne sana'arsu, kuma idan aka bi tarihinsu a Nijar za a tarar da abin mamaki: kaɗan ne daga cikinsu suka fara rayuwa da niyyar yin wannan aiki.

Cikin waɗanda suka rubuta labarin tsofaffin garuruwanmu akwai sojoji. Ayarin Tilho, wanda ya shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909, ya tattara labaran sarautu a kan hanyarsa. Kyaftin Yves Urvoy ya fitar da tarihin al'ummomin Nijar a 1936. Bukatar mulki ce ta sa su tambaya, ba ƙaunar kakanninmu ba, kuma ba domin talaka ya karanta suka rubuta ba.

Wanda ya buɗe wa jama'a ƙofa malamin makaranta ne. Boubou Hama, haifaffen Foneko, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar da yara shekaru kafin siyasa ta ɗauke shi. Da goyon bayansa aka buɗe gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Yamai a 1959, aka danƙa shi ga Pablo Toucet, Basifaniye wanda ya yi aikin kayan tarihi a Tunisiya. Ba su yi gidan kamar na Turai ba, inda ake shiga da sanɗa. Sun haɗa rumfunan nuni da namun daji da masu sana'ar hannu, maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a idon kowa. A ganina wannan dabarar mai koyarwa ce: yaro ya zo kallon zaki, ya koma gida ya ga gatarin dutse.

Labarin Boubé Gado ya fi kusa da mu. Masanin tarihi ne, kuma littafinsa na 1980 a kan Zarmatarey ya shafi al'ummomin da ke tsakanin kogin Kwara da Dallol Mauri, bisa abin da dattawa suka riƙe a ka. Wannan mai sauraron tsofaffi shi ne ya jagoranci tonon Bura, a yankin Tera, a 1983, a ƙarƙashin cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Yamai. Wurin kuwa ba masani ne ya gano shi ba. Katari aka yi da shi a 1975. Tonon ya fito da tukwanen binne mamata sama da 600, wasu da siffar kawunan mutane, da kuma mahayin dokin nan na yumɓu da ya yi suna.

Sunan ne ya jawo masifa. Bayan baje kolin "Vallées du Niger" da aka buɗe a Paris a 1993, wanda ya zaga har Yamai, dillalan kayan tarihi suka san darajar Bura. Sai ga wani sabon rukuni na masu tono, waɗanda ba su da littafin rubutu, ba su da ma'auni: talakawan da fari ya matsa, ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuma su ƙare a kasuwannin Turai. Tukunyar da aka cire ba tare da an rubuta zurfinta da abin da ke kewaye da ita ba ta zama bebiya. Dokar kare kayan gado ta 30 ga Yuni 1997 ta zo, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta a 2000, amma ramukan da aka riga aka yashe ba su dawowa.

A Gobero ma, cikin Tenere, masu neman ƙasusuwan dinoso ne, ayarin Ba'amurke Paul Sereno, suka ci karo da maƙabartar mutanen dā a 2000. Daga baya aka kira masana kufai, cikinsu har da Oumarou Amadou Idé na IRSH, wanda ya yi digirinsa a kan zamanin dutse a kwarin Mekru. Shi da irinsa su ne ƴan ƙasa da suka koyi wannan ilimi a matsayin fanni mai zaman kansa.

To, ina Arewa a cikin wannan? Ƙasarmu ta fi samun masu tambaya da masu ɗaukar hoto a kan masu tono. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Mauri a 1970. Éliane de Latour ta yi fim a kan sarautar Samna ta Tibiri. Lugu, inda Sarauniya ta tari ayarin Voulet da Chanoine a Afrilu 1899, ta shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006. Sai dai waɗanda suka tsare Lugu da dutsen Tunguma, da Bagaji ta Baura, tun kafin a san wata UNESCO, masu gadon wurin ne, kuma babu takardar shaida a hannunsu. Duk mai binciken da ya zo, a ƙofarsu yake fara yin sallama.

Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna tsakanin ɓangarorin biyu, kamar yadda Boubou Hama ya kasance. Ɗalibin da ya kawo tsingaro aji daga gonar mahaifinsa, abin da ya kamata a tambaye shi ke nan: a wace gona, kusa da wace rijiya, kuma wane suna tsofaffi ke kiran kufan? A rubuta amsar da kwanan wata, a hana shi komawa ya tona, a sanar da mai gari da ofishin al'adu na Doso.