Matsematsi

Matsematsi (wasu na rubuta matse-matsi) suna ne na wani sashe na jikin ɗan Adam, wato lungun da cinya ta haɗu da gangar jiki a ƙasan mara, har zuwa tsakanin cinyoyi biyu. Kalmar jinsin namiji ce, shi ya sa ake cewa matsematsinsa ko matsematsinta.

Asali

Kalmar ta fito ne daga aikatau matsa ko matse, wanda ya haifar da kalmomi irin su matsi da matsatsi. An ninka saiwar ne domin nuna wuri ne da kullum yake a matse. Ɗalibai kan ɗauka cewa ma da ke farkonta ɗafa-goshi ne irin na makaranta ko mafitsara, amma ba haka ba ne, domin a nan ma ɗin cikin saiwar kalmar yake. Haka kuma ba ta da dangantaka da matsala, wadda aro ce daga Larabci, mas'ala.

A Katsinanci, sautin ts yakan karkata zuwa wani irin c mai ƙarfi idan ya zo kafin wasalin i ko e, kamar yadda ake jin sunan garin a bakin 'yan birni, Kacina. Wannan kalma tana da irin wannan haɗuwa har sau biyu, don haka furucinta a Katsina yakan bambanta da na Kano, ko da yake rubutun ɗaya ne.

Amfani

Matsematsi ba zagi ba ne kuma ba batsa ba ce, amma saboda kunya mutane kan kauce mata a gaban manya ko surukai, su ce mara ko ƙasa. Malamai kuma kan ce al'aura, wadda a fiƙihu ta fi faɗi, domin ga namiji ta kama daga cibiya zuwa gwiwa. Wannan sakayawa tana da illa a asibiti: ciwon mara daban, kumburin matsematsi daban. A nan ne kaluluwa kan fito idan an ji rauni a ƙafa, a nan kuma ƙaba kan ɓullo, wadda sau da yawa sai an yi tiyata.

Inda aka fi jin kalmar ba tare da nauyin baki ba shi ne labarin wasanni, idan ɗan ƙwallo ya ji ciwo a wurin.

Misali: Zufa ta sa ƙuraje sun feso wa jaririn a matsematsi.