Daga Fijo Zuwa A Daidaita Sahu: Yadda Farashin Fetur Ya Sauya Tafiyar Ma'aikaci

Ranar Lahadi 4 ga Nuwamba 1973, manyan hanyoyin ƙasar Holan suka wayi gari babu motoci. Gwamnati ce ta hana tuƙi a ranakun Lahadi, bayan ƙasashen Larabawa sun daina sayar mata da ɗanyen mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin Oktoba. A Amurka layuka suka miƙe a gidajen mai, kuma a Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudun mota a mil 55 cikin sa'a. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa kusan dala 3 ta doshi dala 12 cikin 'yan watanni.

Tashin farashin da ya ajiye motoci a Turai shi ne ya sanya makullinsu a hannun ma'aikatan Nijeriya, domin ita mai sayarwa ce. Kuɗi suka kwararo baitulmali. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji har da ariyas, a shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen a Legas. Wanda ya gama jami'a ya kama aikin gwamnati yakan sami bashin mota, ya fito da sabuwa dal. Litar fetur ba ta kai kwabo 10 ba, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin daidaita farashinta, daga Fatakwal har Sakkwato.

A kan wannan arha aka gina garuruwa. Unguwanni suka yi ta nisa da wuraren aiki, aka shimfiɗa tituna da gadoji, amma ba a kafa sufurin jama'a mai ɗorewa ba, don ba a ga bukatarsa ba. Jirgin ƙasa ya yi ta lalacewa. Aikin jirgin cikin birni da Gwamna Lateef Jakande ya faro a Legas, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Abuja kanta, da aka koma a Disambar 1991, an zana ta ne don mai mota; ƙananan ma'aikata suka tare a Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, kowace safiya sai sun ci kilomitoci kafin su sa hannu a rajistar ofis.

Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, sai lissafi ya juye. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta ɗaga lita daga kwabo 20 zuwa 39.5, ta kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Ƙarin da ya biyo baya a Afrilun 1988, zuwa kwabo 42, bai kai kwabo uku ba, amma ya tayar da zanga-zangar da ta faro daga Jos ta bazu. A 1989 aka gwada farashi biyu, motocin haya kwabo 42, na gida kwabo 60. Dabarar ba ta yi ƙarko ba, domin babu mai gidan man da zai sayar da arha alhali ga mai biyan tsada a bayan layi.

A gaskiya faɗuwar naira ta fi kuɗin fetur illa a wancan lokaci. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi, sai aka koma ga 'yar Kwatano, motar da Bature ya gama yayinta. Masu mota suka fara kabu-kabu bayan tashi daga aiki don su sami na mai. Waɗanda aka sallama daga masana'antu da matasan da ba su sami aiki ba suka hau babur, acaba ta zama sana'a. A nan ne hanyar Nijeriya ta rabu da ta Turai. Can tsadar mai ta tilasta wa kamfanoni ƙera ƙananan motoci marasa shan mai, wasu biranen suka faɗaɗa hanyoyin keke da jiragen cikin gari. A nan kuwa tafiyar ba ta ragu ba, nisan bai ragu ba, abin hawan ne ya yi ta ƙanƙancewa.

Shekarun 1990 suka ƙara wani darasi: mai arha da babu shi ya fi mai tsada wahala. A takarda lita naira 11 ce a zamanin Janar Abacha, amma matatun mai sun durƙushe, direbobi suna kwana a layi, 'yan bumburutu suna sayar da galan a bakin titi yadda suka ga dama. Wani kaso na man kuma yana tsallake iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Benin, inda ya fi daraja.

Daga nan labarin ya zama na ƙari da yajin aiki da ɗan ragi. Mafi girma shi ne na Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, aka daidaita a 97. Kano ta bi tata hanyar a tsakanin nan. Babur mai ƙafa uku da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo don ɗaukar mata ya gaji sunan shirin A Daidaita Sahu, kuma da aka hana acaba a Janairun 2013 saboda tsaro, shi ya gaje titunan birnin. Fasinjoji da yawa suna raba kuɗin lita ɗaya, wannan ne sirrin ɗorewarsa.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da dama cikin kwanaki, ta kai 617 a Abuja a Yuli, ta wuce naira 1,000 a Oktoban 2024. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna tazarar: mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka kafa a 1981 yana sayen lita 625 a farashin 1982. Na naira 30,000 a Yulin 2023 bai kai lita 49 ba, wato bai cika tankin Corolla ba.

Wannan karon babu ƙaramin abin hawa da ya rage a sauka zuwa gare shi, sai aka fara taɓa tafiyar kanta. Jihohin Kwara da Edo suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Gwamnatin Tarayya ta shiga tallata mayar da injuna su yi aiki da iskar gas. Manyan ma'aikata suka ajiye jif suka koma ƙaramar mota, maƙwabta suka fara karo-karon kuɗin mai su kai yara makaranta a mota ɗaya, direbobi suka koyi kashe na'urar sanyaya iska. A kan hanyar Mararaba zuwa Abuja, ma'aikaci mai rataye da katin ofis yakan tsaya da motarsa a bakin titi da sassafe yana kiran fasinja, kamar yadda na gabansa suka yi a ƙarshen shekarun 1980.