Mugunya a Cikin Tsoka: Tarihin Ciwon da Ke Ɓuya a Cinya

Yau tarihin wani ciwo za mu taɓa, wanda da yawanmu mun gan shi a gida ba mu san sunansa ba. Yaro lafiyarsa ƙalau, sai cinya ta fara ciwo, ta yi tauri kamar itace, ga zazzaɓi. A ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori. Alhali mugunya ce ke taruwa can cikin tsoka. Likitoci na kiransa piyomayositis.

A 1880 Alexander Ogston, likitan tiyata a Aberdeen ta Sikotland, ya duba mugunya a madubin likita, ya ga ƙwayoyin cuta a cure kamar nonon inabi. Ita ce Staphylococcus, wadda ke haddasa mafi yawan wannan ciwo. A 1885 kuma Julius Scriba, Bajamushe mai koyar da tiyata a Tokyo, ya rubuta bayanin ciwon kansa. Daga baya aka lura ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin su Uganda da Najeriya.

A wancan zamani dabara ɗaya ce: a tsaga, a fitar da mugunya. Mu ma wanzamanmu sun san sakiya. Amma in ƙwayar ta riga ta shiga jini, to sai addu'a.

A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan, kuma a kan farantin da yake rainon wannan ƙwayar ya gano shi. Murna ba ta daɗe ba. Kafin shekarun 1940 su ƙare, ƙwayar ta fara bijire wa penisilin. Aka kawo metisilin, a 1961 aka ga mai bijire masa a Ingila, wato MRSA.

To ina ruwanmu? Duk kafso da muka saya a kemis ba takardar likita, muka sha kwana biyu muka ajiye, horar da ƙwayar nan muke yi. Kuma fa in mugunya ta taru, magani kaɗai ba ya isa, sai an yi sikanin, likita ya zuƙe ko ya tsaga, sannan a sha magani har ya ƙare.

Don Allah, kumburi mai tauri da zazzaɓi, a wuce asibiti tun da wuri. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya.